Wasan Domino: Jagora Ga Mai Koyo

 A wannan fili namu na sharhi, yau, in Allah ya yarda, za mu jingine manyan al'amuran duniya zuwa wani lokaci, mu ɗauki batu mai sauƙi wanda duk da sauƙinsa bai rasa hikima a ciki ba, wato wasan nan da ake kira domino. Wanda ya tsaya daga gefe yana kallon mutum huɗu sun kewaye tebur, kowa ya ƙura wa hannunsa ido, wannan ya ajiye, wancan ya ƙwanƙwasa, ba mamaki ya zaci al'amarin duka sa'a ce, wanda rabonsa ya tsaga shi ke ci. Alhali kuwa duk wanda ya zauna ya lura zai tarar sa'a tana da hannu ne kawai a wajen rabon farko, abin da ya biyo baya kuwa hisabi ne, da kiyayewa, da karanta halin abokin zama. Wannan shi ne abin da nake so mu fahimta a zamanmu na yau, musamman waɗanda ba su taɓa riƙa ɗan domino a hannunsu ba.

Mu fara da kayan wasan kansu. Ɗan domino wani ɗan falle ne mai kusurwa huɗu, wanda tsawonsa ya ninka faɗinsa sau biyu, bayansa sumul babu wata alama, fuskarsa kuwa an raba ta biyu da layi a tsakiya, a kowane gefe an yi ɗigo daga 1 zuwa 6, ko kuwa an bar gefen fari fat babu ɗigo ko ɗaya, wanda shi ne matsayin sifiri. A zamanin da, da ƙashi ko hauren giwa ake yin fuskar, a manna ta a kan baƙin katako mai tauri, dangin kanya. Yau kuwa galibi da roba ake zuba su, shi ya sa suka yi araha har kowa ke iya mallaka. Cikakken akwati na wasan da aka fi sani yana ɗauke da 'ya'ya 28, ba ƙari ba ragi, kuma babu guda biyu da suka yi kama da juna a cikinsu.

Wannan adadi na 28 ba da ka aka tsayar da shi ba, yana da dalili wanda ya kamata mai koyo ya riƙe tun ranar farko. Lambobin wasan 7 ne, daga sifiri zuwa shida, kuma ƙa'ida ita ce kowace lamba ta haɗu da kowace 'yar'uwarta sau ɗaya, ta kuma haɗu da kanta sau ɗaya. Idan muka ɗauki shida, za mu sami shida da shida, shida da biyar, shida da huɗu, haka har zuwa shida da fari, 'ya'ya 7 ke nan. Idan muka gangaro kan biyar, saura 6 da ba mu riga mun ƙirga ba. Huɗu ta ba da 5, uku ta ba da 4, biyu ta ba da 3, ɗaya ta ba da 2, fari ya ba da 1, jimla 28. Guda 7 daga ciki gefensu biyu lamba ɗaya ce, su za mu riƙa kira tagwaye, kamar tagwayen shida ko tagwayen uku. Idan kuma aka tara dukkan ɗigon da ke cikin akwati, za a sami 168. To, ina roƙon mai sauraro ya ajiye abu biyu a zuciyarsa, domin za mu komo kansu: kowace lamba tana jikin 'ya'ya 7, ɗigo duka kuma 168 ne.

Game da asali kuwa, tsohon ambaton da masana tarihi suka samu daga ƙasar Sin ya fito, inda wani marubuci mai suna Zhou Mi, wanda ya rayu tsakanin 1232 da 1298, ya lissafa irin waɗannan 'ya'ya a cikin hajar da 'yan talla ke sayarwa a birnin Hangzhou zamanin daular Song. Domino na Sinawa ya samo siffarsa ne daga ɗan ƙashin nan mai fuska shida da ake jefawa a wasan ludo, domin idan aka jefa guda biyu tare, iri 21 ne kaɗai ke iya fitowa, sai aka yi wa kowane iri ɗa guda, aka kuma maimaita 11 daga cikinsu, suka zama 32, aka kasa su gida biyu, na farar hula da na mayaƙa, kuma babu farin gefe a cikinsu ko ɗaya. Irin wanda ya game duniya a yau kuwa a Italiya ya bayyana cikin ƙarni na 18, ya shiga Faransa, ya ƙetara Ingila wajen ƙarshen wannan ƙarni. Na Turawa babu maimaicin nan na Sinawa a cikinsa, sai guda 7 masu farin gefe da aka ƙara a kan 21, aka sami 28 da muke magana a kai. Har yanzu a gidajen ajiye kayan tarihi na Ingila akwai akwatunan domino waɗanda fursunonin yaƙi Faransawa suka sassaƙa da ƙasusuwan naman da ake ba su, a kurkukun Norman Cross, zamanin yaƙe-yaƙen Napoliyon, suna sayarwa don su sami na kashewa.

Daga Turai wasan ya bi jiragen ruwa da fatake ya watsu, har ya sami wuraren da suka riƙe shi fiye da waɗanda suka kawo musu. A tsibiran Karibiyan, wato Kyuba, da Jamaika, da Jamhuriyar Dominika, da Fotoriko, da wuya ka bi unguwa da maraice ba ka ji ƙarar 'ya'yan domino a kan tebur ba. A birnin Miyami na Amurka ma akwai wani dandali mai suna Máximo Gómez, wanda dattawan Kyuba mazauna can suka mayar wurin zamansu, har jama'a suka fi saninsa da dandalin domino. A ƙasashen Larabawa kuwa, gidajen gahawa na Alƙahira sun shahara da shi, haka nan Sudan, inda ake ce masa dumana, kuma 'yan'uwanmu Hausawa da suka daɗe da zama a can sun san shi sarai.

Yanzu sai mu zo ga yadda ake yin wasan. Da farko za a kife 'ya'yan duka a kan tebur ko tabarma, fuskarsu ƙasa, a cakuɗa su da tafin hannu har ya zamana ba wanda ya san inda wani yake, sa'an nan kowa ya ja guda 7, ya tsayar da su a gabansa ko ya riƙe su a tafinsa yadda shi kaɗai ke ganin fuskarsu. Idan mutum huɗu ne, 'ya'yan sun ƙare ke nan a hannu, galibi kuma biyu-biyu ake yi, kowa yana fuskantar abokin tarayyarsa. Idan mutum biyu ne, guda 14 za su rage a kife a gefe, waɗannan su ne kasuwa, kamar yadda masu karta ke faɗi. Wanda ke riƙe da tagwayen shida shi ke buɗe zubin farko, in ba a ja shi ba sai mai tagwayen biyar, haka har ƙasa; a zubi na gaba kuwa wasu wurare wanda ya ci shi ke farawa, wasu kuma bi da bi ake yi.

Ƙa'idar ajiyewa guda ɗaya ce tak, ita ce lamba ta sadu da irinta. Jerin da ke kan tebur yana da baki biyu, dama da hagu, kuma wanda layi ya zo kansa zai ajiye ɗa guda wanda ɗaya daga gefensa ya dace da ɗaya daga bakunan nan, ya manna su gefe da gefe, sai ɗaya gefen nasa ya zama sabon baki. Tagwaye a gicciye ake ajiye su bisa al'ada, don a riƙa ganinsu da sauƙi. Idan mutum ya duba hannunsa bai sami abin da ya dace ba, hukuncinsa ya danganta da irin wasan da aka yi sharaɗi tun farko: a wasan ja, zai shiga kasuwa ya yi ta ɗauka har ya sami mai shiga ko kasuwa ta ƙare, a wasan toshe kuwa babu ja, sai ya ƙwanƙwasa tebur a wuce shi. Ba ya halatta ga wanda ke da abin ajiyewa ya ƙwanƙwasa don dabara, wannan ha'inci ne a wurin mafi yawan masu wasa.

Ga misali, a saurara da kyau. Mutum huɗu ne, na farko da na uku suna tare, na biyu da na huɗu suna tare. Na farko ya buɗe da tagwayen shida. Na biyu ya ajiye shida da huɗu, bakuna suka zama shida da huɗu. Na uku ya ajiye huɗu da ɗaya, bakuna suka zama shida da ɗaya. Na huɗu ya duba, ya sake dubawa, ya ƙwanƙwasa. To, a wannan ƙwanƙwasawa ya shaida wa duk mai hankali a teburin cewa ba shi da shida kuma ba shi da ɗaya, ba kuwa zai same su ba har zubin ya ƙare, tun da babu kasuwa. Layi ya komo kan na farko, a ce yana riƙe da shida da ɗaya: in ya so ya manna shidansa a bakin shida, bakuna biyu su zama ɗaya da ɗaya, in ya so ya manna ɗayansa a bakin ɗaya, su zama shida da shida. Mai koyo zai ajiye duk inda hannunsa ya fara kaiwa. Gwani kuwa sai ya tsaya ya yi lissafi, ya ce shida uku sun sauka har da wannan, saura huɗu, biyu suna hannuna, na huɗu ba shi da ko ɗaya, ashe sauran biyun suna tsakanin abokina da na biyu, saboda haka in na mayar da bakuna shida da shida, ni ne mai rinjaye a kansu. Wannan ɗan tsayawa da tunani shi ne bambancin masu wasan biyu, ko da kuwa hannu iri ɗaya aka raba musu.

Zubi yana ƙarewa ta ɗayan hanya biyu: ko wani ya ajiye ɗansa na ƙarshe, ko wasa ya toshe, ya zamana babu mai abin ajiyewa. In wani ya gama, shi da abokinsa sun ci, sai a ƙirga ɗigon da ya rage a hannun abokan hamayya a rubuta wa waɗanda suka ci a matsayin maki. In kuwa toshewa aka yi, kowa zai buɗe hannunsa, ɓangaren da ɗigonsa ya fi ƙaranci shi ya ci. Haka za a yi ta zubi bayan zubi har wani ɓangare ya kai adadin da aka yi ittifaƙi a kai, wasu 100, wasu 101, wasu 200, gwargwadon al'adar wuri. Mutanen Jamaika kuwa suna da tasu hanya mai tsanani, wadda ba ɗigo ake tarawa ba, sai ɓangare ɗaya ya ci zubi 6 ba tare da abokan hamayya sun ci ko ɗaya a tsakani ba.

Toshewar nan ta cancanci a dakata a kanta, domin a nan ne lambobin nan biyu da na ce a riƙe suke aiki. Idan an raba 'ya'yan duka 28 a hannu, wasa ba ya toshewa sai bakuna biyu sun zama lamba ɗaya kuma dukkan 'ya'ya 7 na wannan lamba sun sauka. Saboda haka toshewa ba ta faɗo wa mai lura ba zato, yana hango ta tun daga nesa, sau da yawa ma shi ke da ikon kawo ta ko hana ta. A ce bakuna biyar da uku ne, biyar guda 6 sun riga sun sauka, na bakwai yana hannunka, shi ne biyar da uku. In ka manna uku a bakin uku, bakuna sun zama biyar da biyar, ka kulle wasa. In ka manna biyar a bakin biyar, sun zama uku da uku, wasa ya ci gaba. Kafin ka zaɓa, sai ka tara ɗigon da ke kan tebur har da wanda za ka ajiye, a ce 120, ka cire daga 168, saura 48. Ka cire na sauran hannunka, a ce 6, saura 42 a tsakanin mutum uku. Sa'an nan ka dubi yawan 'ya'yan da kowannensu ke riƙe da su, ka tuna lambobin da kowa ya ƙwanƙwasa a kansu, ka ƙaddara ko nauyin yana wajen abokinka ko wajen abokan hamayya. Wanda ya kulle ba tare da wannan hisabi ba, sau da yawa kansa yake kullewa.

Akwai wasu nasihohi kaɗan da za su rage wa mai koyo tuntuɓe. Na farko, ya gaggauta rabuwa da tagwaye, musamman masu nauyi, domin kowane ɗa yana da ƙofa biyu ta shiga, tagwaye kuwa ƙofa ɗaya gare su, kuma idan sauran 'ya'ya 6 na lambarsu suka sauka aka rufe, sun mutu a hannu, tagwayen shida kuwa ɗigo 12 ne a kan mai su. Na biyu, ya dubi lambar da ta fi yawa a hannunsa ya riƙa buɗe ta, domin wanda ke da biyar guda 4 ya san guda 3 kacal suka rage wa mutum uku, duk sa'ad da ya mayar da baki biyar kuwa yana matsa musu ne yana sauƙaƙa wa kansa. Na uku, ya yi ƙoƙari kada hannunsa ya yanke daga wata lamba da wuri matuƙar yana da zaɓi. Na huɗu, in ana wasan tarayya, ya lura da lambar da abokinsa ya buɗe da ita da wadda yake maimaitawa, kada ya rufe masa ita, kada kuma ya kawo masa lambar da ya riga ya ƙwanƙwasa a kanta. In abokinsa ya fi shi kusa da gamawa, to, maslaha ita ce ya yi masa hidima, domin cin ɗaya cin duka biyu ne.

Wanda ya ƙware a wannan asali zai tarar da rassa masu yawa a gabansa. Akwai wasan biyar-biyar, inda ake samun maki tun ana cikin wasa duk lokacin da jimlar bakuna biyu ta zama 5, ko 10, ko 15, ko 20. Misali in aka buɗe da tagwayen shida, wanda ake ƙirga shi 12, wani ya ajiye shida da uku, jimla 15 ke nan, ya ci maki 15 nan take. Mutanen Ingila suna da wani mai kama da shi wanda ake raba jimlar da biyar da kuma uku, a yi tsere zuwa maki 61. Mutanen Kyuba kuwa sun fi son babban akwati mai kaiwa tagwayen tara, mai 'ya'ya 55, inda mutum huɗu ke jan goma-goma a bar 15 a kife ba mai taɓa su, abin da ke sa lissafi ya ƙara wuya. Akwai ma mai kaiwa tagwayen goma sha biyu, mai 'ya'ya 91. Shawarata ga mai farawa ita ce ya tsaya a kan 28 har ya iya ƙirga su ba tare da motsa leɓe ba.

Kowane zama yana da ladubbansa. Ba a leƙen hannun wani, ba a yi wa aboki ishara da ido ko tari ko taka ƙafa, ɗan kallo ba ya sa baki, kuma ɗan da aka riga aka ajiye ba a ɗauke shi. A daidaita a kan sharuɗɗa kafin a cakuɗa, domin galibin gardamar da ke tashi a teburin domino daga saɓanin al'ada take, wannan ya koya a wani gari, wancan a wani. Buga 'ya'ya da ƙarfi a kan tebur, wanda mutanen Karibiyan suka ɗauka ado ne na wasa, ba shi da kyau a inda maƙwabta ke barci ko marar lafiya ke kwance. Wanda ya ci kada ya yi izgili, wanda aka ci kada ya ɗora wa abokinsa laifi a gaban jama'a.

Ba zai kyautu mu rufe ba tare da mun taɓo mas'alar da na san tana zukatan da yawa daga cikinku ba, wato matsayin wannan wasa a Shari'a. Abin da babu saɓani a kansa shi ne, duk wasan da aka sa kuɗi ko wata dukiya a kansa, wanda ya ci ya kwashe, caca ce, haramcinta kuwa ya tabbata da nassin Alƙur'ani a cikin Suratul Ma'ida, ƙanƙantar abin da aka sa ba ta canja hukunci. Haka nan hani ya zo a hadisi game da wasan nardu, wato wanda ake yi da jefa ɗan ƙashin nan mai fuska shida, Imamu Malik ya kawo shi a cikin Muwaɗɗa, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan malamanmu, ta hana nardu da shaɗaranji, wato chess, gaba ɗaya. Shi domino bai iso ƙasashen Musulmi ba sai bayan zamanin waɗannan magabata, saboda haka malaman baya suka yi saɓani: wasu suka yi ƙiyasinsa a kan nardu saboda rabon sa'a da ke cikinsa, suka hana, wasu suka ga mubahi ne bisa sharaɗin kada a sa kuɗi, kada ya jinkirta salla, kada ya jawo zagi ko rantsuwar banza ko gaba, kada kuma ya cinye lokacin neman halali da haƙƙin iyali. Mai sharhi ba mai ba da fatawa ba ne. Kowa ya koma ga malamin da ya amince da iliminsa da tsoron Allahnsa ya tambaya.

Wanda ya sami natsuwa a kan halaccinsa, yana kuma son koyo, to, ya fara da zube akwatin a gabansa ya ƙirga ya tabbatar 28 ne cif, ya jera su gida-gida daga fari zuwa shida har idonsa ya saba da su, sa'an nan ya nemi mutum ɗaya mai haƙuri su yi wasan ja su biyu kafin ya shiga na mutum huɗu. A kowane zubi ya ɗora wa kansa ƙirga lamba ɗaya tak, in ya iya ya ƙara ta biyu, ya kuma riƙa tuna wanda ya ƙwanƙwasa da abin da ya ƙwanƙwasa a kai. Kada ya yarda a sa ko sisin kwabo a tebur, in kuma ladan ya kira salla, a kife 'ya'ya a tashi.